Rarar Ruwan Noman Rani: Ta Manomi Ce, Ta Hukuma Ce, Ko Rabawa Za a Yi?

Idan manoman da ke shan ruwa daga kanal ɗaya a madatsar ruwa ta Bakalori da ke jihar Zamfara suka haɗa hannu suka yashe magudanarsu, suka toshe wuraren da take yoyo, suka daidaita ƙasar gonakinsu, har ya zamana ruwan da suke buƙata a zangon noma ɗaya ya ragu, wa ke da abin da ya yi rara? Amsar wannan tambaya ce za ta yanke ko manomi zai ɗauki wahalar tsimin ruwa ko ba zai ɗauka ba, kuma ita ce za ta yanke ko mutumin da gonarsa ke ƙarshen kanal a wajen Bakura, da masuncin Argungu, da makiyayin da ke neman mashaya a watan Afrilu, za su ga amfanin kuɗin da gwamnati ke kashewa da sunan gyaran noman rani. Hanyoyi uku ne a gaban duk wanda zai rubuta wannan ƙa'ida: a bar wa wanda ya yi tsimin rarar gaba ɗaya, ko hukuma ta karɓe ta gaba ɗaya, ko a raba. Na rubuta wannan ne domin shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da 'yan majalisun jihohin Zamfara da Kebbi, da hakimai da dagatai waɗanda a ƙofar gidajensu rigimar ruwa ke ƙarewa.

Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ɗora wa Gwamnatin Tarayya ikon sarrafa ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya, kuma Gulbin Sakkwato yana cikin wannan rukuni, domin ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bakalori, ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato, sannan ya wuce Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kogin Kwara. Dokar ta bar wa kowa damar ɗibar ruwa kyauta domin amfanin gida da shayar da dabbobi, ta kuma bar wa mai gona damar ban-ruwan gonarsa ta kansa. Sabon ƙudurin dokar ruwa da aka yi ta kai wa Majalisar Tarayya tun daga 2017 bai samu wucewa ba saboda taƙaddamar da ya tayar. Saboda haka manomin da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima yana biyan kuɗin ruwa ne bisa girman gonarsa, ba bisa yawan ruwan da ya shiga gonar ba, kuma ba ya riƙe da takardar da ta ce rabonsa kaza ne. Wanda ya ɓarnatar da wanda ya yi tattali kuɗi ɗaya suke biya.

Kafin a auna hanyoyin nan uku, akwai abin da ya wajaba a fahimta, domin duk ƙasar da ta yi tuntuɓe a wannan sha'ani a nan ta yi shi. Ruwan da ake cewa an cece shi daga ɓarna iri biyu ne. A ɗauka, don misali kawai, an sako wa wata gona ganga 100 na ruwa. Shinkafa ta sha 50, rana da iska da ciyawar kacala da ta cika magudana suka tafi da 15, sauran 35 kuma suka tsiyaye ta lambatu ko suka nutse cikin ƙasa. Mai gonar zai ce rabin ruwansa ya salwanta, kuma a wajensa haka ne. To amma waɗannan ganga 35 ba su ɓace daga duniya ba. Su ne suke komawa gulbi, su ne mai injin ban-ruwa da ke bakin lambatu yake ja yana noman albasa da tumatir, su ne suke ɗaga ruwan rijiyoyin ƙauyen da ke ƙasa, su ne kududdufin da shanu ke sha da bazara. Ganga 15 ɗin nan kaɗai ne asarar gaskiya, kuma duk abin da aka rage daga cikinsu sabon ruwa ne da babu wanda ke dogaro da shi. Abin da aka rage daga 35 ɗin kuwa, ɗauke shi aka yi daga hannun wani mutum wanda ba ya cikin taron da aka yanke shawarar.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a kawo musu misali daga nesa. Lokacin da aka kammala madatsar Bakalori a 1978, da ikon riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 450, lissafin da aka yi shi ne a tare ambaliyar da ke wucewa a banza a kowace damina. Sai dai wannan ambaliya ita ce ke shayar da fadamun da ke ƙasa da dam, inda ake noman shinkafar gargajiya, ake dasa kayan lambu a kan danshin da ruwa ya bari, kifi kuma yake hayayyafa. Masu binciken da suka bi diddigin abin da ya faru sun nuna cewa noman shinkafa da na rani da kamun kifi duk sun ja baya a waɗannan fadamu. Rikicin diyya da filaye da ya kai ga asarar rayuka a watan Afrilun 1980 har yau ba a manta da shi a ƙasar Mafara da Maradun ba. Ina ambaton wannan ne da nauyin zuciya, kuma don kada a sake kiran ruwan da wani ke rayuwa da shi da sunan ɓarna.

Hanya ta farko, wato a bar wa mai tsimi rararsa ya yi yadda ya so da ita, ita ce ta fi daɗin ji, kuma hujjarta mai ƙarfi ce. Daidaita gona aiki ne mai cin kuɗi, yasar kanal aiki ne mai cin jiki, kuma babu wanda zai yi su shekara da shekaru domin wani ya ci moriya. A jihohin yammacin Amurka an daɗe ana bin ƙa'idar da ta ce wanda ya daina amfani da rabonsa na ruwa na wasu shekaru, biyar a jihohi da dama, zai iya rasa shi. Abin da wannan ya haifar shi ne manoma suna malala ruwan da ba su buƙata don kada a rage musu rabo. Duk dokar da ta hukunta mai tattali, ɓarna take koya wa mutane. Idan kuwa manomi ya san cewa rarar da ya samar za ta ba shi damar ƙara fangalin alkama ko yin noma na biyu kafin damina, ba sai an aiko malamin gona ya roƙe shi ba.

Illar wannan hanya tana ɓoye ne a cikin lissafin gangunan da ya gabata. Manomin da a da shukarsa ke shan 50 cikin 100, idan aka bar masa ɗarinsa cif bayan ya gyara gona, zai faɗaɗa noma har shukarsa ta riƙa shan 80, abin da ke komawa gulbi kuma ya faɗo daga 35 zuwa abin da bai taka kara ya karya ba. Shi ya ƙaru, hukuma ta rubuta a rahotonta cewa an inganta amfani da ruwa, na ƙasa kuwa ya ga lambatunsa ya bushe bai san dalili ba. Wannan ne ainihin abin da ya sa jihar Montana, wadda ke ƙasa, ta kai ƙarar jihar Wayomin, wadda ke sama, a Kotun Ƙolin Amurka. Manoman Wayomin sun bar malala ruwa sun koma feshi, ruwan da ke komawa kogi ya ragu, kuma a 2011 kotun ta ce ba su saɓa yarjejeniyar da ke tsakaninsu ba, tunda ba su ƙara yawan abin da suke ɗiba ko faɗin gonakin ba. Na ƙasa ya yi asara, doka kuma ba ta da abin da za ta yi masa. A jihar Kansas, wani bincike da aka buga a 2014 ya gano cewa manoman da suka koma amfani da na'urorin feshi masu tsimi sun ƙara yawan ruwan da suke ja daga ƙarƙashin ƙasa, domin wasunsu sun koma shuka abin da ya fi shan ruwa. A 2018 kuma wata tawagar masana ta wallafa a mujallar Science cewa ƙara ingancin ban-ruwa da wuya ya rage yawan ruwan da ake sha a kwarin kogi baki ɗaya, sai an haɗa shi da iyakance abin da ake ɗiba.

A wajenmu akwai ƙarin damuwa. Wanda ke da kuɗin haya tarakta ya daidaita gona, ko ya shimfiɗa bututu a maimakon buɗaɗɗiyar magudana, yawanci shi ne mai babbar gona, sau da yawa kuma shi ne na kusa da ƙofar ruwa. Idan aka ce rara ta mai tsimi ce ba tare da sharaɗi ba, ruwa zai riƙa taruwa a hannun masu hali a hankali, ba da ƙwace ba, ba da saɓa doka ba, har ƙaramin manomi mai kadada ɗaya a wutsiyar kanal ya wayi gari ya ba da gonarsa jingina.

Hanya ta biyu, wato hukuma ta karɓe rarar ta mayar da ita cikin rumbun kowa, ita ce ta fi kusa da dokarmu yadda take a yanzu, kuma wasu kotunan Amurka sun bi ta. A Arizona a 1966 an hana wasu manoma da suka shafe magudanansu da siminti kai ruwan da suka cece zuwa wata gonar da ba ta da rabo, a Kolorado kuma a 1974 an hana wanda ya sare itatuwa masu shan ruwa a bakin kogi mallakar abin da ya samar a matsayin rabo na musamman. Kyawunta shi ne tana kare na ƙasa, kuma ba ta buƙatar dogon lissafi. Akwai inda babu wata hanya mai adalci sai ita. Aikin gyaran noman rani na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da rancen kusan dala miliyan 500, kuma Bakalori da tsakiyar kwarin Rima suna cikin wuraren da ya shafa, bashi ne a wuyan dukkan 'yan Nijeriya. Ruwan da gyaran babban kanal ya cece da irin wannan kuɗi bai kamata ya zama garaɓasar wanda Allah Ya sa gonarsa ta faɗo kusa da bakin kanal ba. Amma idan aka shimfiɗa wannan ƙa'ida har kan gumin manomi a cikin gonarsa, an kashe himma. Ga kuma batun amana: manomin da bai san inda za a kai ruwan ba, yana kuma zargin cewa wani babban kamfani ko wani mai faɗa-a-ji ne zai samu, zai gwammace ya buɗe ƙofa da dare ya cika fangalinsa har wuya.

Hanya ta uku, wato a raba rarar, ta fi sauran biyun wahalar aiwatarwa, kuma ita ce ta cancanci a duba ta da natsuwa. Jihar Oregon ta kafa dokar rabon ruwan da aka yi tsiminsa a 1987. Manomi zai kai wa hukuma bayanin gyaran da zai yi da yawan ruwan da zai cece. Abu na farko da ake yi shi ne a cire abin da ya wajaba a bari domin kada wani mai rabo ya cutu. Abin da ya saura ne ake rabawa, manomi ya ɗauki kashi 75 cikin 100, ya yi amfani da shi a wata gona ko ya sayar ko ya ba da haya, kashi 25 kuma ya zauna a cikin kogi. Idan kuɗin gwamnati da aka sa a aikin ya wuce kashi 25, rabon kogi yana ƙaruwa daidai da kuɗin, amma ba a taɓa barin manomi da ƙasa da kashi 25. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce rabo yana bin wanda ya kashe kuɗi, kuma haƙƙin na ƙasa yana gaba da rabon kowa.

Ostareliya ta bi wani salon a kwarin kogunan Murray da Darling. Shirin da aka amince da shi a 2012 ya sa burin mayar wa koguna ruwa mita kubik miliyan 2,750 a shekara, wato fiye da cikin madatsar Bakalori sau shida. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka bi shi ne gwamnati ta biya kuɗin gyaran gona, manomi kuma ya miƙa mata aƙalla rabin ruwan da aka cece. Manoma sun karɓi tsarin, amma masana tattalin arziki sun soke shi ta fuska biyu: ya fi sayen rabon ruwa kai tsaye daga masu son sayarwa tsada ƙwarai, kuma ba a yi lissafin ruwan da ke komawa kogi yadda ya kamata ba, saboda haka wani ɓangare na abin da aka ce an mayar wa kogi dama can nasa ne. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne rabawa kaɗai ba ta wadatar ba. Idan aka raba kafin a cire haƙƙin na ƙasa, an koma hanya ta farko ne da sabon suna.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali a kan hanya ta uku shi ne ba baƙuwa ba ce a wajen duk wanda ya yi karatun zaure. Hadisin da aka ruwaito na saɓanin Zubairu ɗan Awwamu, Allah Ya yarda da shi, da maƙwabcinsa a kan magudanar ruwa a Madina ya nuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya shayar da gonarsa sannan ya saki ruwan ga maƙwabcinsa. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo hukuncin cewa na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. An kuma hana mutum ya riƙe rarar ruwa da nufin hana dabbobi kaiwa ga ciyawa. Risala ta bayyana cewa wanda ke da rijiya ko idon ruwa a cikin gonarsa yana da ikon hanawa, sai dai idan rijiyar maƙwabcinsa ta rushe kuma yana tsoron shukarsa ta mutu, to ba zai hana shi rarar ba. Malamanmu sun fi ni sanin rassan waɗannan mas'aloli, amma ginshiƙan a fili suke: wanda ya yi wahala ya haƙa yana da fifiko, na sama yana da iyakar da aka auna masa, rara kuma ba a riƙe ta ana kallon shukar wani ko dabbarsa tana mutuwa. Ƙa'idar da aka gina a kan wannan harsashi, liman zai iya bayyana ta a huɗuba, manomi kuma ya karɓe ta ba tare da jin cewa an ɗora masa dokar Turawa ba.

Fadamun Kebbi suna da nasu yanayin dabam. A Suru, Bunza, Augie, Argungu da Jega, yawancin noman rani ba daga kanal yake ba, daga ƙananan rijiyoyin burtsatse ne da injin ban-ruwa, kuma ya bunƙasa ƙwarai bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rancen noman shinkafa a jihar a watan Nuwamban 2015. A nan babu ƙofar da za a rufe, babu rarar da hukuma za ta iya karɓa. Abin da ke tilasta tsimi shi ne kuɗin fetur, musamman tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Dabarar da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta yaɗa, ta kafa ɗan bututu mai huji a cikin gona a bar ruwa ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa kafin a sake bayarwa, ban da lokacin da shinkafa ke fure, tana iya rage ruwan da ake zubawa har da kashi 30 cikin 100, kuma mai inji yana ganin ribarta nan take a aljihunsa. Shi ba ya buƙatar a yi masa alkawarin rabo. Inda hankali ya kamata ya koma shi ne injin mai amfani da hasken rana, wanda alheri ne babba ga manomi, amma da zarar an saye shi jan ruwa ya zama kyauta daga hantsi har la'asar. Jihar da ke raba irin wannan inji da tallafi tana da ikon ɗora sharaɗi a kansa: tazara tsakanin rijiya da rijiya, rajistar kowace rijiya a wajen ƙungiya, da auna zurfin ruwa a wasu zaɓaɓɓun rijiyoyi a farkon rani da ƙarshensa.

Ga wuraren da ke shan ruwan kanal kuwa, hanya ta uku na zaɓa, amma da gyara guda wanda ba zan sassauta a kansa ba: a yi rabon da ƙungiya, kada a yi shi da manomi ɗaiɗai. Gonakinmu ƙanana ne, sa ma'auni a bakin kowace gona ya fi ƙarfin kowace hukuma, amma sa ma'auni a ƙofar kowane reshen kanal abu ne mai yiwuwa. A rubuta wa kowace ƙungiya rabonta na zango bisa abin da ta saba karɓa a shekarun baya. Ruwan da gyaran babban kanal ya cece da kuɗin gwamnati ya koma rumbun kowa, a fara da shi a cika rabon na wutsiyar kanal waɗanda aka daɗe ana karɓar kuɗinsu ruwa ba ya isa gare su, sannan a saki wani kaso a gulbi a watannin zafi domin masunta da mashayar dabbobi. Ruwan da ƙungiya ta cece da aikin gayyarta da kuɗin 'ya'yanta, bayan an cire abin da masu bakin lambatu da rijiyoyin ƙasa ke dogaro da shi, kaso mafi tsoka nata ne. Kuma ba lallai ne ladan ya zama ƙarin fili ba, domin faɗaɗa noma ne ke cinye rara. Ana iya ba ta ragin kuɗin ruwa, ko a ajiye mata rabonta a dam ta karɓa a ƙarshen zango lokacin da kowa ke nema, ko a ba ta tabbaci a rubuce cewa tsiminta na bana ba zai zama hujjar rage mata rabo baɗi ba. Wannan tabbaci na ƙarshe ba ya cin ko kwabo, kuma ina ganin shi ne zai fi sauya halin mutane.

Duk wannan ya rataya ne a kan wanda ke karanta ma'auni. Idan ma'aikacin hukuma kaɗai ke karantawa, manoma ba za su yarda ba, idan kuma shugaban ƙungiyar da ke bakin kanal ne, na ƙarshe ba zai yarda ba. Ya kamata a riƙa karantawa a gaban mutum uku, wakilin hukuma, wakilin na sama da wakilin na wutsiya, a rubuta adadin a allo a bakin ƙofar ruwa inda kowa zai gani, a kuma ba wakilin makiyaya da Sarkin Ruwa kujera a zaman da ake yi kafin buɗe ruwan rani. A wannan zaman ne kuma za a rubuta abin da za a yi a shekarar da damina ta gaza, dam bai cika ba: rabon kowace ƙungiya ya ragu da kaso iri ɗaya, ruwan sha na mutane da dabbobi ya zo a gaba, ajiyar da wata ƙungiya ta tara kuma a ɗage mata ita zuwa shekara mai zuwa maimakon a soke ta. A sa hannu a kan wannan sharaɗi tun a watan Nuwamba, lokacin da dam ke cike kuma ba a kai irin shinkafa gona ba.